Kuɗin taimako: wa ake yi wa lissafi?

Har yau in aka ambaci MEBA a Yamai, tsofaffin ma'aikata sukan sunkuyar da kai. Sunan ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci ne, amma tun 2006 ya koma sunan abin kunya.

A 2003 Nijar ta shiga tsarin shekara goma na raya ilimi, ƙasashe abokan arziki suka zuba kuɗi. Da aka binciki takardu a 2006, sai aka tarar da wajen miliyar 4 na sefa waɗanda hanyar kashe su ba ta fita ba: kwangila ba tare da takara ba, kayan lakkol da aka ninka wa farashi. Masu ba da taimako suka rufe jaka. Shugaba Tanja Mamadu ya sauke ministoci biyu, Ari Ibrahim da Haruna Hamani, majalisar dokoki ta tuhume su, aka kai su gidan kaso. Ranar 31 ga watan Mayu 2007 ƙurar wannan magana ta kayar da gwamnatin Hama Amadu.

Abin lura shi ne inda binciken ya fito. Waɗanda suka ba da kuɗin su ne suka nemi a yi lissafi, su kuma aka yi wa. Uban yaro a Mayayi ko Magarya, wanda da sunan ɗansa aka karɓo kuɗin, ba wanda ya karanta masa rahoton, balle a ce masa ga adadin bencin da ya kamata ya iso garinsu. Rahoto da faransanci aka rubuta shi, cikin biro ya kwana. Ba don jarida irin Le Républicain ta baza shi ba, da talaka bai ji ko ƙishin-ƙishin ba. Mai jaridar, Maman Abu, shi ma ya ɗanɗana kaso a shekarar, ko da yake a kan wani labari dabam aka ce an kama shi.

Kuma minista shi kaɗai ba ya ninka farashi. Sai da ɗan kasuwa ya rubuta faktir, ma'aikaci ya sa hannu cewa kaya sun iso cif. Wannan ɓangare ne ba a son taɓawa a zauren hira, don kowa yana da ɗan'uwa a ciki.

An kafa HALCIA a 2011 don yaƙi da cin hanci. Shekara goma bayan haka, cikin Nuwamba 2021, gobara ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu.