Zari-ruga: Me ya sa masu horarwa ke sauya salon tare abokin hamayya?

A wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta zari-ruga a shekarar 2023, an bai wa kyaftin ɗin New Zealand, Sam Cane, jan kati bayan da kafaɗarsa ta bugi kan Jesse Kriel na Afirka ta Kudu. Ƙasarsa ta sha kaye da ci 12 da 11.

A da, masu horarwa da dama kan koya wa 'yan wasa su rungumi abokin hamayya a tsaye, don hana shi miƙa ƙwallo. Sai dai hakan kan jawo gwaren kawuna.

A shekarar 2020, Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya bayyana cewa yana fama da cutar mantuwa, har ba ya iya tuna wasannin gasar.

Faransa ta taƙaita tarewa zuwa ƙugu a wasannin waɗanda ba ƙwararru ba a 2019, ita kuwa Ingila ta tsayar da iyakar a ƙasan ƙirji a 2023.

Yanzu ana koyar da rage gudu kafin karo, da lanƙwasa gwiwa, da kawar da kai gefe, da riƙo da hannu biyu.

To amma da sauran rina a kaba: wanda ya sunkuya da yawa, kansa na iya karo da gwiwar abokin hamayya.