Yawon Sallah: Wa Ke Riƙe Da Hannun Yaron?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Duk wanda ya daɗe yana limanci a cikin unguwa ya san lasifikar masallaci tana samun aiki na biyu a kwanakin Sallah, wato cigiya. A Sallar da ta gabata, rana ta biyu, muna idar da Magariba sai ga wani mai shayi ya shigo da yarinyar da ba ta wuce shekara huɗu ba, da lallenta da kitsonta, takalmi ƙafa ɗaya. Aka tambaye ta sunan mahaifinta, ta ce Abba. Ina ne unguwarku? Ta ce gidanmu. Muka yi ta cigiya har bayan Isha'i, daga nan aka kai ta gidan mai unguwa ta kwana. Sai da hantsi mahaifiyarta ta iso, ta riga ta zaga asibiti da ofishin 'yan sanda da gidan rediyo, muryarta ta dishe. Da aka bi diddigi, ashe yayarta 'yar shekara tara aka haɗa da ita da wasu ƙanne biyu, aka ba su kuɗin adaidaita sahu, aka ce su je su gai da dangi su biya ta gidan zoo. Mahaifin kuwa lafiyarsa lau. Yana majalisa da abokai tun bayan La'asar.

Idan aka ba da irin wannan labari, akan sami masu cewa a kulle ƙofa kawai, yaro ya ci tuwon Sallah ya zauna a gida. Ba mu tare da su. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna da kwanaki biyu na wasa, sai ya sanar da su Allah Ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri: Idin buɗa baki da Idin layya. Musanyawa aka yi, ba sokewa ba. Bukhari da Muslim kuma sun kawo labarin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya umarce shi ya ƙyale su domin ranar ta farin ciki ce. Yaron da aka hana shi murnar Idi da sunan tsoron Allah zai girma yana zaton addininsa ɗaure fuska ne, kuma wata rana zai nemi murnar a inda ba mu so.

Amma akwai ruwayar da muke karantawa kowace shekara muna wuce abin da ya fi shafar mu a cikinta. Ranar Idi ce, Habashawa suna wasa da masu da garkuwa a masallaci, Nana A'isha tana son kallo. Annabi (SAW) bai tura ta da wani ba. Shi da kansa ya tsaya ya kāre ta, tana bayansa tana leƙe ta kan kafaɗarsa, kuma bai motsa ba sai da ita ta ce ta ƙoshi da kallon. Mukan kafa hujja da wannan a kan halaccin wasa, daidai ne. Sai dai mu dubi wanda ya tsaya. Shugaban al'umma ne, mai karɓar wahayi, wanda hidimar jama'a ta fi ta kowane magidanci a cikinmu yawa, amma ya ba da lokacinsa ga kallon da ba shi ke buƙatarsa ba. Fitar da iyali a ranar Idi aikin maigida ne. Mu ne muka sauke shi daga wuyanmu muka ɗora wa 'yar shekara tara, wadda ita ma da za a bi gaskiya riƙo take buƙata.

Mun san uzurorin, domin a zauren masallaci ake kawo mana su. Na farko, wai girma ya faɗi idan aka ga babban mutum yana jan yara a titi ko yana tsaye a gaban lilo. Akwai ma mai alkunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya faɗa, balle ya saɓa shi a kafaɗa. Kunya abu ce mai kyau, amma ba wadda za ta wuce ta Annabi ba, wanda ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu a kan rahama ce, kuma ba yabo ba ce.

Uzuri na biyu kuɗi ne, kuma wannan ba mu raina shi ba. Magidancin da ya ɗinka wa yara shida kaya, ya fitar da zakkar fidda kai ko ya yanka rago, aljihunsa ya riga ya yi sanyi kafin a sauko daga Idi. Sai dai an sa mana a rai cewa fita ba ta cika fita sai an je wurin da ake yankar tikiti, kuma ba haka ba ne. A Kano, misali, Dutsen Dala yana nan. Uba ya hau da waɗanda suka yi ƙwari, ya nuna musu birnin daga sama, ya gaya musu a gindin dutsen nan garin ya faro. Gidan Makama, da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne, kuma da yawa daga cikin ɗalibanmu a bakin ƙofarsa kawai suke wucewa. Ga marinar Ƙofar Mata. Gidan zoo mai sunan Gwamna Audu Bako shi yara suka fi so, amma a ranakun farko na Sallah cikar da yake yi ta fi ƙarfin ɗan shekara uku. Wanda ya jinkirta zuwa rana ta huɗu ko ta biyar, ya je da safe, yaransa za su ga dabbobin maimakon bayan mutane.

Mafi arha kuma mafi lada ita ce ziyarar kaka da goggo da inna, muddin uba ko uwa na tare da su. Sada zumunci ibada ce. Amma idan aka saki yara su kaɗai gida-gida, a hankali gaisuwar takan koma ƙirgen barka da Sallah, har yaro ya san gidan da ake ba da sababbin kuɗi ya daina zuwa gidan da ake ba da addu'a.

Hawan Sallah kuwa, wanda hukumar UNESCO ta sanya na Kano a jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba 2024, abin alfahari ne, ko da yake an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda dalilan tsaro. A duk garin da ake yin sa, Katsina ne ko Zariya ko Haɗeja, dawakai ne ke sukuwa, ga ƙarar bindiga, ga turereniya. Ƙaramin yaro ko dai yana kan kafaɗar babba nesa da hanyar dawaki, ko kuwa yana gida.

Tsoron da iyaye mata ke yi ba ruɗu ba ne. Ba mu manta da watan Oktoba 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai su Onitsha. Waɗansunsu sun shafe shekaru a can. Shi ya sa muke roƙon abubuwa kaɗan da ba su cin ko kwabo. A koya wa yaro cikakken sunan mahaifinsa da sunan unguwarsu tun yana fara magana. A rubuta lambar waya a takarda a maƙala masa a aljihu. A cire wa 'yan mata ƙanana 'yan kunnen zinariya kafin a shiga taro. A tsara fitar yadda Azahar da La'asar ba za su salwanta a cikinta ba, domin yaron da ya ga mahaifinsa ya nemi ruwa ya yi alwala a bakin wurin wasa ya koyi abin da darasin Islamiyya na wata guda ba zai dasa masa ba. Sannan a dawo kafin rana ta faɗi. Hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi umarni da a tsare yara a gida idan duhun almuru ya kawo kai, kuma a masallacinmu kusan duk yaran da ake kawowa cigiya a daidai wannan lokaci ake kawo su.

Mai mata biyu ko uku ya kula da wani abu. Idan ya fita da 'ya'yan ɗaki ɗaya ya bar na ɗayan suna leƙe ta soro, ya shuka abin da zai girba a ranar rabon gado. Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da Bashir ya keɓe ɗansa Nu'umanu da ita ban da sauran 'yan'uwansa. Fita ma kyauta ce. In mota ba za ta ɗauke su duka ba, a raba kwanaki, kowa ya san ranarsa tun kafin Sallah.

Mu ma limamai da namu laifin. Mukan cika huɗubar Idi da gargaɗi a kan shigar 'yan mata da ganganci da babura, mu sauka ba mu ce wa iyaye maza komai ba a kan yinin da ke gabansu. A bana mun yi shawara da kwamitin masallacinmu cewa za mu faɗa a kan mumbari, kuma za a ajiye matasa biyu da tabarma da ruwan sha a harabar masallaci daga La'asar zuwa Isha'i har kwana uku, domin duk wanda ya tsinci yaro ya san inda zai kai shi. Mahaifin yarinyar nan mai takalmi ƙafa ɗaya shi ya fara ba da sunansa.