Kofin Manya Ba Shi Ne Ma'aunin Kulob Ba

Kwanan baya, da kakar wasa ta ƙare, aka gayyace ni taron shekara na wani kulob na wasan kurket a garinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Kulob ɗin yana da rukuni uku, watau na manya, da na yara, da na mata. Sakatare ya miƙe ya karanta rahoton shekara. Ya daɗe yana bayyana yadda manya suka yi ta cin abokan karawarsu har suka ɗauko kofi, jama'a na ta tafi. Da ya zo kan yara sai ya ce sun yi ƙoƙari, Allah ya ƙara taimako. Ya naɗe takarda zai zauna ke nan, sai wata malama ta ɗaga hannu ta ce, "Malam Sakatare, 'yan matan fa?" Ya dubi takarda, ya juya bayanta, bai ga kome ba.

Bayan an tashi na tsaya na tambayi malamar yadda shekarar ta kasance. Ashe yara sun fasa zuwa wasu wasannin don rashin kuɗin mota, aka ba abokan karawarsu nasara a banza. 'Yan mata kuwa ba su samun fili sai da tsakar rana, lokacin da manya ba su bukatarsa, kuma da sandunan da manya suka tsattsage su ke horo. Duk da haka ba su yi fashi ba. To, jama'a, wannan kulob ya ci shekararsa ko ya faɗi? Ni dai a ganina ya faɗi, ko da kofin nan na zinariya ne. Kulob mai rukuni uku kamar murhu ya ke, in dutse ɗaya ya fi sauran biyu tsawo ƙwarai, tukunya za ta kife.

Bari in bayyana dalili, don waɗanda ba su saba da wasan ba. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Ana kafa turaku uku a kowane ƙarshen filin tsakiya, mai jifa yana neman ya buge su da ƙwallo, mai bugu yana kare su da sanda, in ya kori ƙwallon nesa ya yi gudu ya sami maki. Sharaɗin jifan shi ne kada mutum ya miƙe gwiwar hannu kamar mai jifan tsuntsu, sai dai ya juyo hannun ta bisa kafaɗa. Wannan ba abin da a ke koya a wata guda ba ne. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda bai fara yana yaro ba, da wuya hannunsa ya faɗa. Saboda haka manyan da suka ɗauko kofi bana, amfanin gonar da wani ya shuka ne shekaru da yawa da suka wuce. Abin tambaya shi ne, wa ke shuka ta gobe?

Mu dubi Ingila, inda wasan ya samo asali. A lardin Lancashire akwai gasar kulob-kulob na garuruwan masaƙa wadda aka kafa a 1892. Al'adarsu ita ce kowane kulob ya ɗauki ƙwararre guda ɗaya tak da za a biya, sauran goma kuwa masu wasa ne don sha'awa, galibinsu 'yan gari. Kulob ɗin garin Nelson ya ɗauko Learie Constantine daga tsibirin Trinidad, ya yi musu wasa daga 1929 zuwa 1937, suka ci gasar sau bakwai cikin shekaru taran nan. Amma ƙwararre baƙo ne, raɓa ce, ran da ya tafi sai a koma kan abin da a ke da shi a gida. Maƙwabtansu na Burnley su ne suka reni wani yaro ɗan garin mai suna James Anderson, aka ɗaga shi daga cikin yara zuwa cikin manya, daga nan lardi ya gan shi, ƙasa ta ɗauke shi. Da ya bar manyan wasannin ƙasa da ƙasa na kwana biyar a 2024, ya fitar da masu bugu sau 704, ba wani mai jifan sauri da ya taɓa kai haka. Shekarar da yaron nan ya fara riƙe ƙwallo, wataƙila ba wanda ya tafa masa a taron shekara. Amma ita ce shekarar da kulob ɗin ya fi cin riba.

Mu ma nan muna da namu darasi. Kurket ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Tun 1904 aka yi wasa tsakanin Ikko da Gwalkwas, watau Ghana ta yau. A Arewa kuwa an yi shi a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma wasan ya bi kwalejin zuwa Kaduna a 1938, da Zariya a 1949. To, me ya sa yau a garuruwa da yawa na Arewa in ka ce kurket sai yaro ya tsaya yana kallonka? A ganina dalilin shi ne wasan ya tsaya cikin shingen kwaleji da kulob ɗin Turawa. Ɗalibi ya gama karatu, aka tura shi ofishin En'e ko makarantar ƙauye, ba kulob a gari da zai shiga, ba yaran da aka ɗora masa ya koya wa. Da Turawa suka tafi, masu iyawa suka tsufa, sai ciyawa ta cinye filaye. Kulob ɗin da ya ƙyale yaransa yau, hanyar nan ya kama.

Sai batun mata. Akwai masu cewa rukunin mata ƙawa ce kawai, a bari sai kuɗi sun yi rara. Waɗannan ba su san labarin wasan da su ke shugabanta ba. Tun 1745 aka rubuta labarin wasan kurket tsakanin matan ƙauyuka biyu a kudancin Ingila. Gasar cin kofin duniya ta mata an fara ta a 1973, shekara biyu kafin ta maza. Duk da haka babban kulob na Marylebone a London, mai kula da dokokin wasan, wanda aka kafa a 1787, bai yarda mata su zama 'yan kulob ba sai 1998. Watau jinkirin daga shugabanni ya ke, matan kuwa tuni suna fili.

Ga kuma shaida daga gida. Yaranmu maza 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, abin alfahari ne, ko da ya ke an cinye su a wasanninsu uku na farko. A watan Janairu na 2025 'yan matanmu masu irin shekarun nan suka je tasu a Malesiya. Suka kara da New Zealand, ƙasar da ta yi suna a kurket tun kakanni. Ruwan sama ya rage tsawon wasan, namu suka sami maki 65, suka tsare abokan karawa a kan 63. Suka wuce zagaye na biyu, can ma suka ci Ireland. Manyan maza na Nijeriya ba su taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ba. Ashe rukunin da sakatarenmu ya manta, irinsa ne ya fi fitar da ƙasar nan kunya.

Na san damuwar iyaye, kuma ban raina ta ba. Uba yana da hakkin ya tambayi inda 'yarsa za ta, da wanda zai kula da ita. Amsar ita ce, kurket ba wasan cakuɗa jiki ba ne, da dogon wando da riga mai dogon hannu a ke yinsa, kuma a ƙungiyar matan Scotland an ga Abtaha Maqsood tana jifa da lulluɓinta. In an sa malama mace ta shugabanci rukunin, aka tashi kafin magariba, aka bar ƙofa a buɗe ga duk uwar da ta so zuwa kallo, yawancin iyaye za su sakankance. Masu kukan tsadar kaya kuma su dubi yaran Pakistan, waɗanda ke naɗe ƙwallon tanis da tef ɗin lantarki su yi wasa a lungu, kuma daga cikinsu manyan 'yan wasa suka fito.

Ga shawarata ga kwamitocin kulob, kafin sabuwar kaka ta kama, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na farko, ma'aji ya ware rabon yara da na mata tun farkon shekara, a rubuta a littafi, kada su zama masu jiran saura. Na biyu, a raba lokutan fili da adalci, kowane rukuni ya sami yammacinsa. Na uku, duk wanda ke cikin rukunin manya ya ba da yamma ɗaya a mako don koyar da na baya, wanda ya ƙi kuwa a ajiye shi ko shi ne gwanin kulob. Na huɗu, rahoton shekara ya fara da yawan yaran da suka shigo, da yawan wasannin da mata suka buga, sa'an nan a zo kan kofi.

Malaman makaranta da akawuna, aikin nan naku ne fiye da kowa. Ku ne ke da yara a hannu, ku ne kuka iya riƙe littafin maki da na kuɗi. Ku shiga kwamiti, ku yi irin tambayar da malamar nan ta yi. Ni ma na yi alkawarin komawa taron baɗi, in zauna a sahun gaba, in ji da wane rukuni sakatare zai fara. Allah ya kai mu da rai da lafiya, amin.