Idan Waya Ta Ce "Permission Denied", Kada Ka Yi Saurin Ɓalle Ƙofa

Duk wanda ya fara wasa da Termux ko ya gwada haɗa manhajar Android ya san wannan saƙon. Ka rubuta umarni, kana son wani aiki ya ci gaba da gudana a bayan fage ko da ka kashe fuskar waya, sai kawai ka ga "Permission denied". Da ka kai ƙorafi zauren WhatsApp, amsoshin da za su fara shigowa ba sa wuce uku: ka buga chmod 777, ka yi wa wayar root, ko ka bai wa manhajar duk izinin da ta nema. A ganina dukkansu gurguwar shawara ce. Wannan saƙon mai gadi ne yake aikinsa, kuma mai hankali tambayar mai gadi yake yi dalilin da ya sa ya tare shi kafin ya ce zai kore shi.

Aikin bayan fage shi ne duk abin da manhaja ke yi alhali ba ka kallonta: karatu ko waƙa da ke ci gaba bayan ka sa wayar a aljihu, fayil da ke sauka, manhajar kiran sallah da ke jiran lokaci. An gina Android ne a kan Linux, kuma kowace manhaja tana da lambarta ta shaida da ɗakinta, ba ta da ikon leƙa ɗakin wata. Shi ya sa wasan da ka sauke jiya ba zai iya karanta bayanan manhajar bankinka ba.

Google ya daɗe yana ƙara tsananta wannan gadi. A Android 6, a shekarar 2015, aka fara tambayarka izini a lokacin da manhaja ke buƙatarsa. Android 8 na 2017 ya taƙaita yadda manhaja ke tayar da aiki a ɓoye. Android 9 ya hana manhajar da ke kwance a bayan fage taɓa kyamara da makirufo. Daga Android 12 na 2021, manhajar da ba ta kan fuska ba za ta iya tayar da aiki mai ɗorewa ba sai a wasu 'yan yanayi da aka ware. Android 13 ya mai da nuna sanarwa abin da sai an nemi izininka, Android 14 kuma ya wajabta wa mai haɗa manhaja ya faɗi nau'in aikin, na wuri ne, na sauti ne ko na tura bayanai. Kafin waɗannan matakai, manhajoji na shanye batir da data yadda suka ga dama, wasu ma suna bibiyar inda kake ba ka sani ba.

To, idan saƙon ya fito, tambaya uku za ka yi wa kanka: wa ke nema, me yake nema, wa ya hana shi? Yawancin matsalolin a nan suke warwarewa.

Ɗauki misalin Termux. Ka ajiye fayil ɗin umarninka a cikin Download, ka buga chmod +x sau goma, bai tashi ba. Dalili shi ne ma'ajiyar da duk manhajoji ke tarayya a kanta ba ta yarda a kunna fayil kai tsaye daga cikinta. Kwafe shi zuwa gidan Termux, ka ba shi izinin tashi a can, magana ta ƙare. Haka idan kana son kunna sabar a kan ƙofa mai lamba 80 ko 22: a tsarin Linux, ƙofofin da ke ƙasa da 1024 na mai babban iko ne. Shi ya sa sshd na Termux ke amfani da 8022. Canza lamba kawai ake yi, ba a buƙatar root.

Wanda ke aiki da kwamfuta mai Linux ko sabar haya, ya fara da systemctl status, sannan journalctl -u tare da sunan aikin. Idan ka ga 203/EXEC, ma'anarsa systemd ya kasa kunna fayil ɗin: ko adireshinsa ba daidai ba ne, ko ba shi da izinin tashi. Idan kuma aikin ya tashi amma ya kasa rubutu a wata folda, duba layin User= ka ga da sunan wa yake gudana, ka miƙa masa wannan foldar kaɗai da chown. Mai haɗa manhajar Android shi ma Logcat zai buɗe, domin saƙon SecurityException yawanci yana faɗin sunan izinin da ba a rubuta a cikin AndroidManifest ba. Aikin da zai iya jira kuwa, kamar tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, a bar wa WorkManager ya zaɓa masa lokaci.

Ko ba ka rubuta lambar kwamfuta, abin ya shafe ka. Idan manhajar kiran sallah ta daina kira a kan lokaci, shiga saitunanta ka duba abu uku: izinin sanarwa, izinin ƙararrawa da tunatarwa, da kuma takunkumin batir. Wayoyi irin su Tecno, Infinix da Xiaomi suna da ƙarin wurin da ake bai wa manhaja damar tashi da kanta. Ka buɗe wa wannan manhajar ita kaɗai.

Me ya sa nake adawa da gajeriyar hanya? Lambar 7 a chmod haɗin 4 da 2 da 1 ce, wato karantawa, rubutawa da kunnawa. Idan ka jera ta sau uku, ka bai wa mai fayil, 'yan rukuninsa da kowa da kowa wannan ikon. Kamar ka cire ƙyauren shago ne don makulli ya yi maka gardama. Root kuwa yana buɗe hanyar da manhaja za ta tsallake katangar da ke tsakaninta da sauran, shi ya sa manhajojin banki da yawa ba sa buɗuwa a wayar da aka yi wa haka. Mafi haɗari shi ne APK ɗin da aka turo maka, wanda zai ce ba zai yi aiki a bayan fage ba sai ka kunna masa Accessibility. An yi wannan izinin ne don taimaka wa masu buƙata ta musamman, amma wanda ya same shi yana iya karanta abin da ke fuskar wayarka ya kuma danna maɓallai a madadinka, har da lambar sirrin da banki ke turowa. Da gangan Android 13 ya sa ƙarin shinge a kan wannan izinin ga manhajojin da aka girka daga waje.

Wani zai ce ai takunkumin ya yi yawa, kuma yana da gaskiyarsa. Wasu wayoyin suna kashe manhajoji masu amfani da sunan tattalin batir, saƙo ya makara, ƙararrawa ta ƙi bugawa. Saƙonnin kuskuren ma sau da yawa ba sa yi wa sabon shiga bayanin komai. Wannan gyara ne da ya rataya a wuyan masu ƙera wayoyi da masu tsara Android. Amma asusun bankin da ke cikin wayar naka ne, kuma idan aka kwashe shi, wanda ya ce ka buɗe komai ba zai biya ka ko sisi ba.

Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa. Minti goma na karanta saƙon kuskure ya fi sauƙi a kan kwana goma na zaryar banki. Ka karanta saƙon har ƙarshe, ka gano wanda ke nema da abin da yake nema, ka ba shi wannan kaɗai. Idan kuma manhajar tocila ko ta gyaran hoto ta nace sai ta karanta saƙonninka kafin ta yi aiki, goge ta ka nemi wata.