Dandalin Gem: Ramuwar Gayya a Wasan The Last of Us Na Ɗaya da Na Biyu

 

A hutun da ya wuce wata gardama ta kaure a gidan gem ɗin layinmu a Giginyu. Galibi in ka ji hayaniya a wurin, to ƙwallo ce: wane ya ci wane a FIFA, ko an ɗauke wuta ana dab da bugun fenariti. Wannan karon kan labari ake faɗa. Wani abokina ya ajiye hannun gem ya rantse ba zai ƙara taɓa The Last of Us na biyu ba, wai an ci amanarsa. Ni kuwa na ce na biyun ya fi na ɗaya ƙarfin hali. Har aka kira Magariba ba mu daidaita ba. Shi ya sa na kawo muku maganar.

Gargaɗi biyu tukuna. Na farko, zan tona yadda labarin ya ƙare. Na biyu, a Turai an rubuta a kwalin wasannin nan cewa na ’yan shekara 18 zuwa sama ne, saboda zubar da jini da wasu abubuwa da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Ban ce ku je ku nema ba. Darasin labarin nake so mu tattauna, kuma wannan ba sai kun buga ba.

Kamfanin Naughty Dog na Amurka ne ya yi na ɗaya, ya fito a watan Yunin 2013 a PlayStation 3. A labarin, wata cuta ta bazu tana mai da mutane kamar mahaukatan namun daji. Masu Bayoloji ku saurara: marubutan sun aro tunanin ne daga wani nau’in fangas na gaske mai suna Cordyceps, wanda danginsa ke shiga jikin tururuwa su juya halinta. A daren da cutar ta ɓarke, wani soja ya harbe Sarah, ’yar wani mutum mai suna Joel, ta cika a hannunsa. Bayan shekara 20, zuciyarsa ta bushe, aka ba shi aikin raka wata yarinya ’yar shekara 14, Ellie, wadda cutar ba ta kama ta, zuwa ga wata ƙungiya da ke neman magani. Suka taso daga Boston, suka ratsa ƙasar har Salt Lake City. A hanya ya wayi gari yana kallon ta kamar ’yar cikinsa.

A asibiti likitoci suka ce ba za a iya haɗa riga-kafin ba sai an yi mata aiki a ƙwaƙwalwa, kuma ba za ta tashi ba. Joel ya ƙi. Ya kashe masu gadi, ya kashe likitan, ya ɗauke ta tana sume. Da ta farfaɗo ya yi mata ƙarya. Nan wasan ya tsaya. Yawancinmu mun goyi bayansa, don mun shafe awanni muna ganin duniya da idonsa.

Na biyu ya fito ranar 19 ga Yuni, 2020 a PlayStation 4, cikin zaman kullen korona. An sayar da fiye da kwafi miliyan 4 a kwana 3 na farko. Tun a farkon labarin, wata budurwa mai suna Abby ta kashe Joel a gaban Ellie, wadda yanzu ta kai shekara 19. Ellie ta bi sawunta har Seattle, ta yi kwana 3 tana kashe abokan Abby ɗaya bayan ɗaya. Ana tsakiyar haka sai wasan ya juya: aka mayar da kai farkon kwanakin nan 3, aka ce yanzu kai ne Abby. A nan ka gane likitan da Joel ya kashe mahaifinta ne. Mutanen da ka kashe ɗazu ba tare da ka tsaya tambaya ba, ga su suna raha, suna wasa da karensu, ɗaya ma tana da juna biyu.

Wannan juyin ne abokina ya kasa haɗiyewa, kuma ba shi kaɗai ba ne. Dubban mutane suka yi wa wasan ruwan maki mara kyau a shafin Metacritic, da yawa tun ba su gama shi ba. Har Laura Bailey, wadda ta yi muryar Abby, sai da aka yi mata barazanar kisa. Ku duba abin mamaki: wasa yana gargaɗi kan ƙiyayya, masu buga shi suka huce kan baiwar Allah da aikinta kawai ta yi. Duk da haka shi ya lashe kambun wasan shekara a bikin The Game Awards na 2020.

To wanne ya fi? In a kan tsarin labari ne, na ba abokina gaskiya: na ɗaya ya fi. Hanya ɗaya ce, mutum biyu ne, kowane zango yana ƙara musu shaƙuwa, babu abin da za ka cire. Na biyu ya yi tsawo, yana yawan komawa baya, kuma yana yanke maka labari daidai lokacin da ka ƙagu ka ga ƙarshe. Yana da wani aibin kuma: shi ya tilasta maka kisan, bai ba ka zaɓi ba, sannan ya dawo yana nuna maka munin abin da ka yi.

Amma na biyu ya yi tambayar da na ɗaya ya tsallake: likitan nan ba shi da iyali ne? A na ɗaya shi wani ne kawai da ya tare hanya. A na biyu ya zama uban wata. Abby ta rama, ba ta samu barci mai daɗi ba. Ellie ta bi ta har Santa Barbara, ta danne ta a ruwa, sannan ta sake ta. Ta koma gida ta tarar babu kowa, ga yatsunta biyu sun tafi a faɗan, ko jitar da Joel ya ba ta ba ta iya kaɗawa yadda ya kamata. Muna cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma ba mu cika faɗin wanda zafin ke ƙonawa ba.

Wannan ba maganar Amurka ba ce kawai. Duk wanda ya tashi a Kano ya san faɗan daba: an sari ɗan unguwar nan, gobe a je a rama a waccan, jibi su ma su dawo. Kowane ɓangare na da gawar da yake kuka a kanta, kowa na ganin shi aka fara zalunta. A makaranta ma akwai ƙaramin samfurinsa. Siniya ya zane ka kana JSS 1, ka ƙulla a ranka, ka kai SS 3 ka sauke kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ma ya fara ƙirga shekarunsa. Wani dole ya zama wanda abin zai tsaya a kansa, kuma ba ragwanta ba ce.

Masu shirin WAEC da NECO, ga riba ta biyu. A darasin adabi ana tambayar ku ta bakin wa aka ba da labari. Wasannin nan sun nuna nauyin tambayar: mutum ɗaya, aiki ɗaya, gwarzo ne a idon yawancinmu a na ɗaya, azzalumi a idon Abby. Ga aikin wannan mako: ku ɗauki tatsuniyar Gizo da kuka sani, ku sake rubuta ta a shafi ɗaya ta bakin wanda Gizo ya cuta. Ku aiko, zan zaɓi uku mu buga a nan.

Abokina har yau bai yafe wa Abby ba. Amma ranar nan ya ce mini, “Mutumina, da babana ne likitan, ban san me zan yi ba.” Na ce masa iyakar abin da nake so ya gani ke nan.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A gama aikin gida kafin a ɗauki hannun gem.