Masallacin Birni Ya Faɗi, Mu Muna Kallon Hotunan Italiya



Kwanan baya muna zaune a fada bayan isha'i, wani abokinmu ya ciro waya yana nuna mana hotunan da yayansa ya turo daga Italiya. Ga Roma, ga Fulorans, ga Benis inda kwale-kwale ne taksi. Kowa sai "kai!" yake yi, "waɗannan mutane sun ci gaba!" Na karɓi wayar na duba da kyau. Yo me na gani? Tsofaffin gine-gine ne, wasu bangon har ya ɗaɗe, lungunan kuwa ko amalanke ba ta shiga. Na ce musu wannan ai Birnin Damagaram ne aka yi wa shara. Aka fashe da dariya, aka ce na cika gardama. To, ga gardamar na kawo ta a takarda.

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Zinder, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Ya ga zamanin Sarki Tanimu, ya ga shigowar Faransawa a 1899, ya ga lokacin da Zinder take hedikwatar ƙasar nan kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Hoton faɗuwarsa ya zagaya WhatsApp kwana biyu, muka yi salati, muka wuce. Na san ruwan waccan shekara ya yi ɓarna ko'ina, har da rayuka. Amma duk ɗan da ya tashi a gidan ƙasa ya san gini yana tsagewa kafin ya faɗi, kuma tsaga magana ce ga mai kunne. Tun 2006 sunan Birni da fadar Sarkin Damagaram yake cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO don jiran shiga kayan tarihin duniya. Sunan yana takarda, katangu suna zaizayewa.

Su kuwa Italiyawa, da hasumiyar Piza ta yi barazanar kifewa, rufe ta suka yi a 1990, suka shekara 11 suna gyaran ƙasar da ke ƙarƙashinta kafin su sake buɗewa a 2001. Ƙasar tana da wurare fiye da 50 a jerin UNESCO, mu muna da 3: Ayar da Tenere, gandun dajin W, sai tsohon garin Agadas da ya shiga a 2013. Za ku ce ai su masu kuɗi ne. Ku saurari labarin Matera.

Matera gari ne a kudancin Italiya da mutanensa suke kwana a ɗakunan da aka fafe cikin dutse, su da jakunansu, ga zazzaɓin cizon sauro, ga mutuwar yara. Marubuci Karlo Lebi ya fitar da littafi a 1945 ya tona halin da suke ciki, har aka riƙa kiran garin abin kunyar ƙasa. Daga 1952 gwamnati ta fara kwashe dubban mutane zuwa sababbin gidaje. Unguwannin suka zama kufai. Daga baya wasu matasan garin suka tashi suka ce wannan kufan shi ne asalinsu, a gyara shi. A 1993 ya shiga jerin UNESCO, a 2019 Matera ta zama babban birnin al'adun Turai na shekarar. Dutsen bai canza ba. Idon masu shi ne ya canza.

Mu har yanzu muna matakin kunya. Mutum ya samu ɗan abin hannu, aikin farko shi ne ya rushe zauren kakansa ya dasa bulo da kwano. A gidanmu ma an yi haka ina ƙarami, kuma har da ni a masu murna. Yanzu a watan Afrilu ɗakin ba ya shiguwa da rana, da dare kowa ya ja tabarma tsakar gida. Tsohon zauren mai kaurin bango da azarar giginya, ko da tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Mun sayi zafi da kuɗinmu, muka sa masa suna ci gaba.

Bari in faɗi gaskiyar masu ja da ni, don ba wawaye ba ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe, yana son a duba indararo kafin damina, gara tana cin azara, maginan da suka iya ɗaurin guga kuma sun tsufa. Uwar da soro ya taɓa ruftawa kusa da ƴaƴanta ba za ka yi mata wa'azin tarihi ba. Na yarda. Sai dai maganin yoyo gyara ne da ilimi. A Yaama ta jihar Tawa, magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa matsattse. A 2023 an nuna aikinta a babban baje kolin zanen gine-gine na Benis. Wato Italiyar da muke wa ƙauyanci ita ce take kiran tamu ta zo ta nuna mata ƙasar da muke raina wa.

Wasu kuma za su ce, wane baƙo ne zai zo yawon buɗe ido a wannan hali na tsaro? Ni ban rubuta wannan don anasara mai kyamara ba. Benis ɗin kanta ta ji jiki: mazauna tsohon garin sun ragu ƙasa da 50,000, har a 2024 aka fara karɓar yuro 5 daga masu shigowa yini guda a wasu ranaku. Garin da ya koma kallo kawai ya mutu yana tsaye. Baƙon farko da nake so ya zo Birni shi ne ɗan lise na Gure. Kilomita nawa ne? Mu nawa ne muka je Zinder don takarda ko jarrabawa, muka dawo ba mu taka Birni ba, ba mu tsaya gaban zanen bangon Zango ba?

Kuma mu a nan Gure ba mu da bakin zargin Damagarawa. Bature Heinrich Barth ya sauka garin nan a ƙarshen 1852, zamanin Muniyoma Koso, ya rubuta yadda ya ga garin da sarkinsa. Bajamushe ya rubuta mu shekara fiye da 170 da suka wuce, mu masu garin me muka rubuta? Dante, wanda Italiyawa suke ji da shi, ya ajiye Latinancin malamai ya yi babbar waƙarsa da harshen mutanen Fulorans. Mu sai ɗalibi ya ji kunyar rubuta shafi guda da Hausa ko Barbarci. Abdullahi Mamani, ɗan Gudumariya nan gabas da mu, shi ya fito da Sarauniya ga duniya a 1980. Andre Salifu ɗan Zinder ya yi wa Tanimu wasan kwaikwayo. A ajinmu wa ya karanta su?

Abin da nake nema bai kai kuɗin kati ba. Hutun nan kowannenmu ya nemi tsoho guda, magini ko maƙeri ko mai haƙar kanwa a kwari, ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa. Ya ɗauki hoton duk tsohon zaure da ya rage a unguwarsu, ya rubuta wa ya gina shi, da yaushe, da inda ya tsage. Mu haɗa su a fitowa ta gaba, mu kai kwafi ma'aikatar magajin gari da fada. In mai gidanku ya ce zai rushe zaure, ka roƙe shi cikin ladabi a kira magini ya duba tukuna.

Wanda bai yarda da ni ba, shafi na gaba nasa ne, ya mayar mini da martani. Amma ya fara zuwa ya ga inda masallacin Birni ya faɗi.

Wassalam.