Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: A Auna Jini Tun Kafin Ranar Tiyata

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, iyayena da 'yan'uwana:

Ku saurara in ba ku labarin gwaggona. Shekara biyu tana fama da ƙari a mahaifa, jinin al'ada na zubar mata kamar an kwance bakin salka. Likita ya ce sai an yi aiki, ya sa rana bayan kaka. Muka sayar da raguna biyu da buhun wake, muka kama hanya tun asuba da tabarma da kwanuka da 'yar jinya. A ɗakin awo, malamin asibiti ya ja fatar idonta ƙasa: fari fat kamar auduga. Ya juya tafin hannunta, shi ma haka. Aka ɗibi jini, takarda ta fito: 7, alhali 12 ake nema ga mace. Likita ya dube ta ya ce, "Inna, in na taɓa ki da wuƙa a haka, na yi ganganci da ranki." Muka juyo gida, kuɗin mota sun tafi, ciwo na nan. Ranar na ji haushin likitan nan. Yau addu'a nake yi masa, don bayan wata biyu tana shan ƙwayar ƙarin jini, kuma mu biyu muka ba da namu, an yi aikin ta tashi lafiya.

Abin da ya same mu yana samun gidaje da yawa, daga Bangi zuwa Karofan, daga Tamaske zuwa Ibohaman. Mai gwaiwa, mai kaba, mai maƙoƙo, dattijon da fitsari ke tsaye masa, matar da ke jiran gyaran yoyon fitsari, mai cikin da aka ce haihuwarta sai da tiyata: kowa yana shirya kuɗi da guzuri, amma ba ya shirya jininsa.

Mene ne haɗin jini da wuƙar likita? A cikin jini akwai sinadarin da ke ba shi launin ja, ana ce masa hemogulobin. Shi ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta zuciya da ƙwaƙwalwa da kowace gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: namiji da ya gaza 13, mace da ta gaza 12, mai ciki da ta gaza 11, duk suna da ƙarancin jini. Kowane aiki sai an zubar da jini, kaɗan ko da yawa. Allurar barci kuma tana saukar da ƙarfin bugun jini. Wanda rumbunsa ke cike, in an ɗebi dami biyu ba ya girgiza. Wanda ya rage masa dami uku fa? Zuciya ta shiga gudu don ta cike giɓi, rauni ya ƙi haɗewa da wuri, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa, kwanan asibiti ya ƙaru. A shekarar 2011 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da aka yi kan majinyata fiye da dubu 227 da aka yi wa manyan ayyuka. Kusan kashi 30 cikin ɗari sun shiga da ƙarancin jini, kuma mutuwa da matsaloli cikin kwana 30 sun fi yawa a cikinsu, har ga waɗanda ƙarancin nasu ɗan kaɗan ne.

Mu kuwa a nan, binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 46 cikin ɗari na matan Nijar da kashi 73 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini. Ku kuma duba lokacin da muke zaɓa. Manomin yankinmu na Adar ba ya yarda a kwantar da shi da damina, sai gero ya shiga rumbu. To bayan kaka ne jiki ya fi tsotsewa: an fito daga watannin da abinci ya yi ƙaranci, an sha wahalar noma, masassarar cizon sauro ta farfasa ƙwayoyin jini. Kuma lokacin ne samarin da za su ba da jini ke ɗaure kaya zuwa cin rani, Abijan ko Libiya ko Najeriya. Sai tsohuwa ta isa asibitin gunduma, ko Galmi, ko Tawa, jini babu a jikinta, mai ba ta ma babu.

Don haka ina kira da babbar murya: ranar da likita ya ce za a yi aiki, ranar ce ta fara shiri! Ku ce a auna jini nan take, ku tambayi lambar, ku riƙe ta a ka. In ya yi ƙasa, a nemi dalili: masassara ce, tsutsar ciki ce, tsargiya ce daga wankan tabki, basir ne, gyambon ciki ne, haihuwa ce kusa da kusa, ko amosanin jini ne na gado? Kowanne da maganinsa, kuma mai amosanin jini kada ya sha ƙwayar ƙarin jini sai da izinin likita.

Ƙwayar tana son haƙuri. Makonni take ɗauka kafin jini ya hau, kuma ana ci gaba da sha kamar wata uku bayan ya daidaita. In bayan gida ya yi baƙi, kada a tsorata a jefar da ita, aikinta ne. A nisanta ta da shayi, don shayi na hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe. Samarin fada, ku jinkirta wa mai jiran aiki butar shayin nan zuwa awa ɗaya ko biyu bayan abinci. A sa masa hanta da nama in da hali, da wake, da zogale, da fara, a matsa lemun tsami, a yanka tumatir. A kwana cikin gidan sauro. Kada a kai shi wurin wanzami a yi masa ƙaho. A daina sayen ƙwayoyin ciwon jiki a tire, wasunsu na sa ciki zubar da jini a ɓoye. Lemun kwalba da tumatirin gwangwani da ake damawa ba su maye gurbin magani.

Wannan duk ga aikin da aka sa wa rana ne. Naƙuda da ta ƙi, hanji da ya murɗe, jini da ya ɓalle: a ruga asibiti ko da tsakar dare, kada a jira komai.

Sai ku, samari da magidanta masu ƙarfi. Jini ba a ƙera shi a masana'anta, daga jikin ɗan'uwa yake fitowa. Wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana lafiya, zai iya ba da leda ɗaya, abin da bai kai rabin lita ba, kuma jiki na mayar da shi. Ana gwada shi kafin a sa wa kowa. Kafin ka hau motar cin rani, ka tsaya ka ba da. Limamai, ku faɗa a huɗubar Juma'a cewa ceton rai sadaka ce. Hakimai da masu gari, ku sa a san masu niyyar bayarwa a kowane ƙauye. Ungozomomi da shugabannin mata, ku bi masu ciki su je awo, su shanye ƙwayoyinsu. Ma'aikatan lafiya, don Allah ku auna tun ranar farko, ku yi wa mutum bayani da Hausar da zai gane.

Mu ne jama'ar da tun 1984, a aikin raya karkara na Keita, iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tsauni don tare ruwan da bai ma sauko ba tukuna. Sun yi aikin da rani, suka ci amfaninsa da damina. Mu yi wa jininmu irin wannan tanadi. Duk wanda ke da takardar aiki a gidansa, gobe da safe ya kama hannun mara lafiyarsa, su tafi a auna jini.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa a yi aiki a tashi lafiya.